Inshorar Lafiya: Kafin a Ɗaure Mara Lafiya da Asibiti Ɗaya



Sharhinmu na yau a kan inshorar lafiya ne, kuma gefe ɗaya za mu kama, gefen da ya fi jawo gunaguni a bakin masu riƙe da kati. Ina nufin ƙa'idar nan da ta ce idan ka shiga tsarin, ba kowane asibiti za ka je ba. Akwai jerin asibitocin da aka amince da su. A cikinsu za ka zaɓi ɗaya, a nan za a buɗe maka fayil, nan za ka riƙa kai kanka da iyalinka. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, su ne za su tura ka gaba, turawar ma sai kamfanin da ke tsakani ya ba da lambar izini. Ka tsallake wannan ka tafi inda hankalinka ya fi kwanciya, to aljihunka ne zai biya.

Me zai sa mutum, da kuɗinsa da hankalinsa, ya yarda da wannan ƙaidi? Ku duba halin mara lafiya. Bai san magani ba, bai san farashin gwaji ba, ba zai iya jayayya da likita ba. Abu ɗaya da yake da iko a kansa shi ne ƙafarsa: idan an wulaƙanta shi a nan, gobe ya nufi can. Tsarin inshora kuwa cewa yake yi, bar wannan ikon a hannunmu, mu za mu tsaya maka. Wanda ya nemi haka daga gare ka, amana ya nema, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Ni a ganina ƙayyade asibiti ba laifi ba ne a kan kansa. Yana zama zalunci ne idan wanda ya ƙayyade ɗin bai cika nasa alkawarin ba. Kuma a ƙasar nan, an fi hanzarin ƙayyadewa a kan cikawa.

Bari mu tuna yadda aka faro. An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, amma shirin bai fara aiki ba sai 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, aka soma da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Shi ne NHIS da kowa ya sani. An gina shi a kan ƙafa uku: hukuma tana tara kuɗi, asibiti yana yin magani, sannan kamfanonin HMO suna tsakiya, su ke miƙa wa asibiti kuɗi, su ke ba da izinin tura mara lafiya gaba. A 2014 dokar lafiya ta ƙasa ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, NHIS ta koma NHIA, aka ce daga yanzu inshorar lafiya wajibi ce a kan kowane ɗan ƙasa, aka kuma yi alkawarin asusu na musamman domin talakawa miliyan 83. Jihohi ma sun kafa nasu hukumomin: Kano tun 2016 ta yi dokarta, ga Kaduna, Katsina, Jigawa, Sakkwato da sauransu. Duk da haka, har yau waɗanda ke cikin inshora ba su wuce mutum 1 cikin 10 ba, kuma fiye da naira 70 a cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya, daga aljihun mutane take fita kai tsaye. Talauci yana da hannu a wannan, ba musu. Amma akwai masu halin biya da dama da suka ji labarin abin da 'yan uwansu masu kati ke gamuwa da shi, suka ce a kai kasuwa.

Kafin in shiga ƙorafi, adalci ne mu ji hujjar masu tsarin, domin hujjarsu tana da ƙarfi. Kuɗin inshora kuɗin jama'a ne da aka tara wuri ɗaya, kuma yana da iyaka. Idan aka saki kowa ya je inda ya ga dama, mai zazzaɓin cizon sauro zai tafi Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika, ya tare layin mai ciwon ƙoda, a kuma caje shi kuɗin ganin babban likita a kan abin da ƙaramin asibitin unguwa zai gama da shi cikin rabin sa'a. Wani zai ga likita uku a rana ɗaya, kowanne ya rubuta masa gwaji iri ɗaya. Wani asibitin zai kawo takardar neman kuɗi a kan mara lafiyar da bai taɓa taka ƙofarsa ba, kuma ba mai iya ganewa, tunda ba a san wa ke ƙarƙashin wa ba. Asusun da ake ɗiba haka ba ya shekara.

Akwai kuma amfanin da ya shafi lafiyar kanta. Mai hawan jini ko ciwon suga, ko yaro mai sikila, ya fi samun kulawa idan fayil ɗinsa yana wuri ɗaya, likitan da ke dubansa ya san abin da aka ba shi bara da yadda jikinsa ya karɓa. Yawon asibiti da muke yi, yau nan gobe can, kowane likita ya fara daga tushe, yana cikin abubuwan da ke kashe mutane a ɓoye. A Ingila, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin magani tun 1948, mutum yana rajista ne da likitan unguwarsa, kuma in ba larurar gaggawa ba, sai ta hannunsa zai ga ƙwararre. Haka Ruwanda, inda inshorar al'umma ta game mafi yawan jama'a: daga ƙaramar cibiya ake farawa, ita ke turawa gaba. To ashe ƙa'idar ba baƙuwa ba ce, kuma ba don mugunta aka ƙirƙiro ta ba.

Mu Hausawa ma ba yau muka fara miƙa kuɗi ga wani mu jira ba. Dubi adashe. Mace za ta riƙa zubi wata da watanni, ta yarda da ƙa'idar uwar adashe, ta yarda cewa ba ita za ta fara ɗauka ba, ta yarda a ci ta tara idan ta makara. Me ya sa? Ta san gidan uwar adashen. Ta ga wance ta kwasa a kan lokaci, ta ga wance ma ta kwasa. Ranar da aka ce kwasar wata ta zo uwar adashe ta ce a dawo jibi, jibi ta ce a dawo mako mai zuwa, to daga ranar ƙa'idojin da ake bi cikin daɗin rai sun zama abin tuhuma. Ba ƙa'idar ce ta canza ba. Mai riƙe da kuɗin ne aka daina yarda da ita. Ma'aikacin Najeriya kuwa ya ga abin da aka yi da kuɗin fansho, ya ga an yanki albashinsa da sunan asusun gidaje bai ga gida ba. Shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadago suka daɗe suna turjiya a kan a cire kason ma'aikata na inshorar lafiya daga albashi. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu mu leƙa inda abin yake lalacewa, domin sai an gane yadda kuɗin ke tafiya sannan a gane dalilin da ya sa ake kallon mai kati a wulaƙance.

Asibitin da ka zaɓa, ba kowane zuwa ake biyansa ba. Ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi ne a kan kowane mutum da ke rajista da shi, kowane wata, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Shekara da shekaru, har zuwa 2024, wannan kuɗi naira 750 ne a kan kowane kai. Asibitin da ke da mutum 1,000 zai karɓi naira 750,000 a wata, a ciki zai duba duk wanda ya zo, ya yi masa ƙananan gwaje-gwaje, ya ba shi magani. Hikimar ita ce ba kowa ke ciwo a wata ɗaya ba, masu lafiya su ɗauki nauyin marasa lafiya. Amma ku lura da abin da wannan lissafi ke raɗa wa mai asibiti a kunne: duk wanda bai zo ba riba ne, duk wanda ya zo ɗawainiya ce. Idan kuɗin ya wadatar kuma akwai sa ido, mai asibiti zai yi ƙoƙari mutanensa su zauna lafiya don kada su yawaita zuwa. Idan kuɗin bai isa ba kuma ba mai dubawa, hanya mafi sauƙi ita ce a sa zuwan ya yi wa mutum wuya har ya gaji ya daina.

Haka kuwa aka yi. Naira 750 ta daɗe a tsaye, farashin magani yana gudu. Bayan cire tallafin mai da karyewar naira a 2023, abin ya ƙazanta. A shekarar ne kamfanin magunguna na GSK ya sanar da naɗe tabarmarsa daga Najeriya, wasu magungunan da aka saba da su suka ninka kuɗi ba sau ɗaya ba. Mai asibiti ya duba abin da ake ba shi, ya duba abin da zai kashe, sai ya raba marasa lafiya gida biyu: masu biya hannu da hannu, da "'yan inshora". Duk wanda ya taɓa riƙe kati ya san muryar da ake faɗin wannan suna da ita. Ya san zaman benci ana shiga da waɗanda suka zo bayansa. Ya san isa tagar ɗakin magani a ba shi farasitamol da maganin ƙarin jini, a ja layi a ƙarƙashin maganin da ya fi muhimmanci a ce, "Wannan babu, sai dai ka saya a kemis." Ƙa'ida ta ce kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai zai biya. A zahiri sau da yawa ya biya kashi 10 na mai araha, ya biya kuɗin mai tsadar gaba ɗaya a waje.

Sai maganar lambar izini, wadda a ganina ita ce ta fi kowace cin amana. Likita ya duba mutum ya ce sai an yi hoto, ko sai an yi tiyata, ko sai an tura shi wurin ƙwararre. Asibiti ya aika wa kamfanin HMO. Daga nan sai jira. Mara lafiya yana kwance, 'yan uwa suna safa da marwa tsakanin ofis da gado, ana ce musu "lamba ba ta fito ba". In ta faɗo ranar Juma'a da yamma, wani lokaci sai Litinin. Wanda ke riƙe da lambar bai ga mara lafiyar ba, bai ji nishinsa ba, yana wani ofis a Abuja ko Legas. Ƙarshenta dangi su yi karo-karo su biya, tunda ciwo ba ya jiran takarda. Irin wannan iyali, ko shekara nawa ka yi kana yi musu wa'azin amfanin inshora a rediyo, gani ya riga ya kori ji.

Idan ka tambayi wa ke da laifi, kowa ya nuna na kusa da shi. Asibiti ya ce kamfani ya riƙe masa kuɗi wata da watanni. Kamfani ya ce asibiti yana ƙara gishiri a takardun neman kuɗi, ko kuma hukuma ce ba ta saki kuɗi ba. Hukuma ta ce ta biya. Wannan rigima ta fito fili a 2017, lokacin da shugaban hukumar na wancan zamani, Farfesa Usman Yusuf, ya tsaya a gaban majalisar wakilai ya zargi kamfanonin HMO da danne kuɗin asibitoci. Shi ma aka yi masa nasa zarge-zargen, aka dakatar da shi, aka mayar da shi, aka sake dakatarwa, har aka sauke shi a 2019. Ba na nan don in yanke hukunci a kan wa ke da gaskiya a cikinsu. Abin da ya dame ni shi ne abin da mai kati ya koya daga kallon wannan dambarwa: cewa masu riƙe da kuɗin lafiyarsa su kansu ba su yarda da juna ba. A farkon 2022 kuma ƙungiyoyin masu asibitoci masu zaman kansu suka yi barazanar daina duba masu katin HMO saboda bashi da ƙarancin farashi.

Gaskiya a faɗe ta, an yi wani yunƙuri a baya-bayan nan. Hukumar NHIA ta ƙara kuɗin da ake biyan asibitoci a 2024, ta sake ƙarawa a 2025 har kuɗin kowane kai ya kusa ninka na da. Ta kuma ba da umarnin cewa kada kamfani ya wuce sa'a ɗaya bai ba da lambar izini ba. Waɗannan matakai ne masu kyau, kuma sun nuna an san inda ciwon yake. Saura a ga an hukunta wanda ya saɓa, a bainar jama'a, da sunansa.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma ƙasar da muka aro tsarin HMO daga gare ta ta riga mu shan ɗacinta. A Amurka, Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar HMO a 1973. Zuwa shekarun 1990 miliyoyin ma'aikata sun tsinci kansu a tsarin da ke ƙayyade musu likita da asibiti. Kuɗin magani ya ɗan lafa, amma jama'a suka harzuƙa, domin sun ga ana sallamar mai jego kwana ɗaya da haihuwa don kamfani ya rage kashe kuɗi. Sai da majalisa ta yi doka a 1996 cewa dole inshora ta biya wa mai jego aƙalla sa'a 48 a asibiti, in tiyata ce sa'a 96. Daga baya Shugaba Obama, yana tallar dokar lafiyarsa ta 2010, ya yi wa mutane alkawarin cewa wanda ke son likitansa da inshorarsa zai ci gaba da su. Da abin bai tabbata ga mutane da yawa ba, sai da ya fito ya ba da haƙuri a 2013. A watan Disambar 2024 aka harbe shugaban kamfanin inshora na UnitedHealthcare a birnin New York. Kisan kai ta'asa ce da ba ta da uzuri, amma irin ƙorafin da ya ɓarke bayansa, mutane suna ta ba da labarin yadda aka hana su izinin magani, ya nuna zurfin ramin da ke tsakanin kamfanonin da jama'arsu.

A Amurkar nan dai akwai Kaiser Permanente, wanda ya buɗe ƙofarsa ga jama'a a 1945, yau yana da mambobi fiye da miliyan 12. Ƙaidinsa ya fi na kowa tsanani: asibitocinsa kawai za ka je, likitocinsa kawai za ka gani. Amma mutane suna shiga da ƙafarsu, wasu iyalai kaka da jika. Dalili a fahimtata shi ne mai karɓar kuɗin da mai yin maganin gida ɗaya ne, ba wanda zai ce maka laifin wancan ne. Ka ga ashe ba yawan asibitoci mutane ke nema ba. Suna neman wanda za su riƙe idan abu ya ɓaci. Wani abin koyi kuma: dokar 2010 ta tilasta wa kamfanonin inshora kashe aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin da suka karɓa a kan magani da inganta shi, in sun gaza su mayar wa mutane rarar. Mai kati a Gusau ko Bauchi ya cancanci ya san nawa ne daga kuɗinsa ke isa gadon asibiti, nawa ke tsayawa a ofis.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Ghana, kuma 'yan uwanmu na zangon Kumasi sun gan shi da idonsu. Ghana ta kafa inshorarta a 2003 zamanin Shugaba Kufuor, domin kawar da tsarin nan na sai ka biya kafin a taɓa ka, aka ɗora kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kaya don ciyar da asusun. Mutum yana iya kai katinsa duk asibitin da aka amince da shi. A 2012 aka ce za a gwada sabon tsari a yankin Ashanti: kowa ya zaɓi asibiti ɗaya, a riƙa biyan asibitin a kan kowane kai, kamar dai namu. Sai aka yi ca. Masu asibitoci suka ce kuɗin bai isa ba, jama'a suka ce ba a yi musu bayani ba. Ga shi kuma Ashanti cibiyar 'yan adawa ce a lokacin, mutane da yawa suka ɗauka da gangan gwamnati ta zaɓe su don ta gwada abin a kansu. A 2017, bayan mulki ya sauya hannu, aka dakatar da tsarin. A kan takarda ba shi da wani babban aibi. Waɗanda aka kawo wa ne ba su yarda da wanda ya kawo ba. A Nijar ma, da gwamnati ta ce magani kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006, iyaye sun yi tururuwa, amma da aka riƙa jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu, sai kantocin magani suka bushe, uwa ta zo da yaro a rubuta mata takarda ta je ta saya.

Mu dawo gida, domin akwai abubuwan da suka keɓanta da rayuwarmu waɗanda mai tsara doka a Abuja ba lallai ya tuna da su ba. A birni, in an ce zaɓi asibiti ɗaya cikin 30, zaɓi ne. A ƙauye, inda cibiya ɗaya ce a duk mazaɓar, ba likita, jami'in lafiya ɗaya ne kuma ba ya kwana a garin, an riga an ƙayyade wa mutum tun kafin inshora ta zo. Ɗaure shi da wannan cibiya ba tare da an zuba mata ma'aikata da magani ba, sayar masa da kati ne kawai.

Mu kuma mutane ne masu tafiya. Direban babbar mota da ke kwana uku a hanyar Legas, ɗan kasuwar da ke tsakanin Kano da Onica, ɗan ci-rani da ke barin gida bayan kaka, makiyayin da ke bin ruwa da ciyawa: katin da ke aiki a asibiti ɗaya a jiha ɗaya, me zai yi musu ranar da ciwo ya kama su a wata jihar? Ga ma'aikacin da ke Abuja iyalinsa suna Zariya. Ga tsarin tarayya da ya ce miji da mata ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, sauran sai an ƙara kuɗi. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya 9 an bar shi da zaɓin da ba uban da ke son yi, wane ɗa zai rubuta, wane zai bari. Sannan ga mata. Mace da yawa ba tsadar asibiti ke hana ta zuwa awo ba. Tana so ta san akwai likita mace ko ungozomar da za ta karɓe ta da mutunci. Sau da yawa kuma maigida ne ya cike takardar a ofis, ya zaɓi asibitin da ke kusa da wurin aikinsa, ita da za ta fi kowa zuwa da yara ba a tambaye ta ba.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da inshora ta fuskar addini, kuma jihohinmu da dama sun gina nasu shirin a kan taimakekeniya, suka nemi goyon bayan malamai da sarakuna, aka yi bayani a masallatai. Wannan ya taimaka ƙwarai. Amma ya ƙara wa hukumomin nauyi. Wanda ya shiga saboda limaminsa ya ce abu ne mai kyau, in aka wulaƙanta shi a tagar magani, ba mutuncin hukuma kaɗai aka zubar ba.

To me ya kamata? Ni ban ce a saki kowa ya je inda ya ga dama ba. Na riga na faɗi abin da hakan zai jawo. Cewa nake duk wanda ya ƙayyade wa mutum asibiti, ya ɗauki alhakin abin da ke cikin asibitin. Kada a sa asibiti a jeri sai an je an ga likita, an ga ɗakin gwaji, an ga magani a kanta, kuma a riƙa komawa ba tare da sanarwa ba. Idan maganin da ke cikin jerin hukuma ya yanke, asibiti ya samo shi ko a mayar wa mutum kuɗinsa, kada a bar shi da takarda a hannu. A riƙa buga sunayen kamfanonin da asibitoci ke bi bashi, da adadin watannin, a karanta a gidajen rediyo kamar yadda ake karanta farashin hatsi. A sauƙaƙa sauya asibiti, domin mai asibitin da ya san mutanensa za su iya kwashe fayil su tafi da kuɗinsu na wata-wata, shi zai fara gaishe su da fara'a. Hukumomin jihohi su daidaita a tsakaninsu yadda katin Kano zai yi aiki a Kaduna, na Sakkwato ya yi aiki a Legas. Kuma kafin a fara bin mutane da maganar wajibci da dokar 2022 ta kawo, a gyara wa waɗanda ke ciki tukuna. Su ne za su jawo sauran, ko su kore su.

Ku kuma likitoci da ma'aikatan jinya, mun san ba ku kuka riƙe kuɗin ba, mun san yawancinku kuna aikin mutum uku. Amma mara lafiya bai taɓa ganin fuskar kamfani ba, taku yake gani. Mai kati ba almajiri ba ne, ba kyauta ya zo nema ba. An biya masa tun kafin ya kwanta ciwo.

Kai kuma mai saurare da ke da kati a aljihu, ga abin da ke hannunka. Kafin ka rubuta sunan asibiti, je ka gan shi, ka tambayi waɗanda ke zuwa can, ka shawarci uwargida, ka zaɓi na kusa da inda iyalinka ke kwana. Ka san sunan kamfanin HMO ɗinka, ka ajiye lambar wayarsu da ta ofishin hukumar da ke jiharka. A tsarin tarayya kana da damar sauya asibiti bayan wata 6 in bai gamsar da kai ba. In larurar gaggawa ce, sashe na 20 na dokar lafiya ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar ka bisa kowane dalili. Duk maganin da aka tura ka saya a waje, karɓi rasit ka adana. In an ja maka rai a kan lambar izini, rubuta ranar da lokacin, ka kai ƙara a rubuce, ka kuma bi sawunta. Kada ka ce ka bar su da Allah ka koma gida ka yi shiru. Kuɗinka ne, kuma wanda zai zauna a bencin nan gobe yana buƙatar ka yi magana yau.